Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Aikin Sa Kai a Cocin Katolika na Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin tafkin Madarunfa ya san labarin waliyyai 99 da tarihin baka ya ce suna kwance kewaye da ruwan. Saboda darajar wurin, a shekarar 2006 Nijar ta sanya tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Masu ziyara sukan tambayi sunayen waliyyan da karamominsu, amma da wuya a ji wanda ya tambayi sunan mai share wurin, ko mai ɗebo wa baƙi ruwan alwala, ko ladanin da ya yi shekara talatin yana tada mutane da asuba ba tare da an ba shi ko dala ba. Haka tarihi ya saba: yakan riƙe sunan sarki da na babban malami, ya bar waɗanda suka ɗauki nauyin hidima ta yau da kullum.

Wannan maƙala za ta dubi irin waɗannan mutane a cikin wata ƴar ƙaramar al'umma da ke zaune a tsakiyarmu, wato mabiya ɗariƙar Katolika na ƙasar Maraɗi, wadda gundumar Madarunfa ke cikinta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai kashi ɗaya ba, kuma Katolika wani sashe ne kawai na wannan ɗan adadi. Al'ummar da ta yi ƙanƙanta haka, a ƙasa mai faɗi haka, ba ta da limamai isassu. Abin da ya riƙe ta tun farko shi ne aikin sa kai na gama-garin mabiya, maza da mata waɗanda ba a naɗa su limanci ba: malaman lakwal, ma'aikatan likita, tsofaffin sojoji, teloli, ƴan kasuwa da matan aure. Tarihinsu wani yanki ne na tarihin ƙasarmu, kuma mafi yawansa har yanzu a bakin tsofaffi yake.

Sawun farko

Kafin a kafa Maraɗi, yankin Madarunfa da Gabi da Safo yana cikin ƙasar Katsina ne. A wannan tsohuwar Katsina aka fara ganin limaman Katolika a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 18 wasu limamai biyu na ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria na birnin Genova da abokin tafiyarsa Severino, suka taso daga Tarabulus suka ratsa hamada ta Agadas, suna neman wasu Kirista da aka ba su labarin suna zaune a ƙasar Sudan. Sun iso Katsina a 1711, ciwo ya kama su, suka rasu a can cikin shekarar. Ba su bar majami'a ba, ba su bar almajiri ba, kuma da ba don wasiƙun da aka adana a Roma ba, da ko sunansu ba a sani ba.

Akwai darasi a wannan labari. Baƙo mai wa'azi, komai ƙwazonsa, in bai sami ɗan gari da zai riƙe abin da ya kawo ba, maganarsa takan bi shi kabari. Bayan wannan tafiya aka yi fiye da shekaru 200 ba a kafa wani gidan mishan na Katolika a ƙasar da ake kira Nijar a yau ba. Cikin wannan tsawon lokaci jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Katsina, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri daga baya. Sa'ad da Kiristanci ya sake dawowa, tare da mulkin Turawa ya dawo.

Zamanin Faransawa da cocin baƙi

A 1931 Fada François Faroud, na ƙungiyar Mishan ta Afirka mai cibiya a Lyon, ya buɗe gidan mishan na farko a Yamai. A 1942 fadar Paparoma ta ware Yamai a matsayin yankin mishan mai cin gashin kansa, daga 1948 kuma aka damƙa shi hannun limaman ƙungiyar Redamtoris. Su ne suka faɗaɗa aikin a Damagaram da Dogon Dutsi da Dolbel da Maraɗi da ƙasar Abzin. A 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, Yamai ta zama cikakken dayosis mai kula da ƙasar baki ɗaya, aka naɗa Hippolyte Berlier bishop na farko, ya riƙe kujerar har 1984.

Su wane ne suka cika waɗannan majami'u na farko? A birane irin su Maraɗi da Damagaram, mafi yawansu baƙi ne da aikin gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin sayen gyaɗa suka kawo: akawuna da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya daga Dahome da Togo, magina da direbobi da sojoji daga Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Da yawa daga cikinsu sun riga limami isowa garin da aka tura su. Sukan taru a tsakar gidan ɗayansu ran Lahadi, wanda ya fi karatu ya ja addu'a, wani ya koya wa yara, sai in fada ya biyo rangadi a yi baftisma da ɗaurin aure. Ta haka majami'u da dama a Afirka ta Yamma suka fara, jama'a ce kan riga gini.

Wannan asali ya bar tabo mai daɗewa. Jama'ar gari suka ɗauki cocin Katolika a matsayin addinin baƙi, kuma cikar majami'a ta dogara ga canjin wurin aiki da siyasar ƙasashe. A ƙarshen 1963, rikicin tsibirin Lete tsakanin Nijar da Dahome ya sa gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, dubbai suka koma gida. Al'ummar da ta dogara ga irin waɗannan ma'aikata wajen karatu da waƙa da koyar da yara ba za ta rasa jin zafin tafiyarsu ba.

Amma akwai wani asali na biyu, na ƴan ƙasa. A yammacin Nijar, a yankin Goruwal na ƙasar Tera, wani tsohon soja ɗan Songai mai suna Antoine Douramane ya karɓi Kiristanci lokacin da yake aikin soja, ya dawo garinsu Fantiyo ya riƙa koya wa danginsa da maƙwabtansa kafin limamai su zauna a Dolbel. Al'ummar Katolika ta Dolbel, wadda take cikin mafi tsufa na ƴan asalin Nijar, daga hannun wannan mutum ta tsiro, shi kuwa ba limami ba ne. A Burkina ma haka abin yake. Alfred Diban, wanda aka kama shi bauta yana saurayi ya kuɓuta, aka yi masa baftisma a Segu a 1901, ya shafe rayuwarsa yana taimakon limamai wajen buɗe gidajen mishan da koyar da addini. Ya rasu ranar 10 ga Mayun 1980, ranar da Paparoma Jean-Paul na Biyu ya sauka a Wagadugu. Mun san labarinsa dalla-dalla ne domin ɗansa, shahararren masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo, ya rubuta littafi a kansa. Ɗaruruwan takwarorinsa ba su haifi masanin tarihi ba.

Maƙwabta biyu

Ba za a fahimci aikin sa kai na Katolika a ƙasar Maraɗi ba sai an dubi maƙwabta biyu. Na farko su ne ƴan mishan na Furotesta na ƙungiyar SIM, waɗanda suka fara aiki a Damagaram a 1924, suka zauna a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Su da harshen Hausa suka yi aikinsu tun daga farko, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sun horar da masu bishara ƴan ƙasa, sun buɗe likitar Galmi a 1950, da kuma gidan jinyar kutare na Danja a 1956, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Ɗan Isa. Malama Barbara Cooper ta Amurka ta bi diddigin wannan tarihi a littafin da ta wallafa a 2006. Sakamakon wannan bambancin hanya shi ne, a ƙauyukan Maraɗi yawancin Hausawa Kirista Furotesta ne, cocin Katolika kuwa ya fi zama na birni da na masu jin Faransanci.

Daga cikin wannan mishan ne aka sami misali mafi shahara na abin da wanda ba limami ba zai iya yi wa ƙasa. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya lura a 1983 cewa kututturan da manoman Maraɗi ke sassabewa kowace shekara saiwarsu na da rai, kuma in an zaɓi ƴan rassa aka bar su aka yi musu gyara, itace zai dawo ba tare da an dasa ba. Manoma Musulmi ne suka karɓi dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har masana suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Maƙwabta na biyu suna hayin iyaka. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya tafiyar ƙanƙanin lokaci ce, kuma a can cikin ƙasar Katsina akwai Maguzawa da suka shiga Katolika a hannun limaman Dominikan ƴan Amurka, waɗanda aka ba yankin Sakkwato a 1953. A Malumfashi aka kafa makarantar horar da katikis, wato malaman da ke koyar da addini da jagorancin jama'a a ƙauyukan da babu limami, aka sa mata sunan Joseph Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Yuganda, wanda shi ma ba limami ba ne, bafaden sarkin Buganda ne da aka kashe a 1885. A arewacin Nijeriya kuma aka san ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta mai da waƙa da kiɗan tulu da ƙwarya da ziyarar juna ginshiƙin rayuwar coci. A 2023 aka ware Katsina ta zama dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Littattafan addu'a da waƙoƙin Hausa na Katolika yawancinsu a wancan hayin aka tsara su.

Abin da Roma ta sauya

Tsawon ƙarnoni, tsarin cocin Katolika ya ɗora kusan komai a wuyan limamai, mabiya kuwa nasu saurare da biyayya. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatikan daga 1962 zuwa 1965 shi ya sauya wannan fahimta. Taron ya bayyana coci a matsayin jama'ar Allah gaba ɗaya, ya fitar da takarda ta musamman a 1965 kan aikin gama-garin mabiya, ya yaba wa katikis na ƙasashen mishan ya kuma nemi a buɗe musu makarantu. Taron ne har ila yau ya ba da damar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai, ya kuma yi magana a kan Musulmi da girmamawa, yana kira da a manta da gabar da ta wuce. Waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe sun fi shafar ƙasa irin tamu.

Daga nan dokoki suka biyo baya. A 1972 Paparoma Paul na Shida ya mai da karatun Littafi a gaban jama'a da hidimar bagadi ayyukan da za a iya naɗa wanda ba limami ba a kansu. Kundin dokokin coci na 1983, a sashe na 230, ya yarda cewa inda limamai suka yi ƙaranci, mabiya za su iya jan addu'a, su yi baftisma, su kuma raba gurasar da limami ya riga ya keɓe. Kundin ya wajabta wa kowace paruwas, wato yankin da ke ƙarƙashin kulawar limami guda, ta kasance da kwamitin kula da dukiya wanda mabiya ke ciki. A 1988 aka fitar da ƙa'idojin sujadar Lahadi inda babu limami. A 2021 Paparoma Faransis ya buɗe wa mata ƙofar naɗi a kan karatu da hidimar bagadi, ya kuma mai da aikin katikis muƙami da coci ke naɗawa a hukumance. Mai karatu zai lura cewa a nan doka bin sawu ta yi: abin da aka rubuta a Roma a 1983 ko 2021, akawun Dahome da tsohon sojan Fantiyo sun riga sun yi shi da daɗewa.

Bishop-bishop na Nijar suna majalisa ɗaya da na Burkina Faso, kuma a Burkina ne tun 1977 aka zaɓi a siffanta coci da iyali, a kuma kasa kowace paruwas zuwa ƙananan ƙungiyoyin unguwa waɗanda mabiya ke jagoranta da kansu. Taron bishop-bishop na Afirka na 1994 ya karɓi wannan siffa ta iyali, Paparoma Jean-Paul na Biyu ya tabbatar da ita a takardar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995.

Rabon aiki

Mene ne ainihin aikin da waɗannan mutane ke yi? Na gaba shi ne katikis. Shi ke koya wa yara da manyan da ke neman shiga addini, karatun da kan ɗauki shekaru kafin a yi musu baftisma. Inda limami ba ya nan, shi ke jan sujadar Lahadi: a karanta Littafi, ya yi bayani, a yi roƙo, amma ba ya keɓe gurasa, ba ya karɓar ikirarin zunubi, domin waɗannan na limami ne kaɗai. Shi ke raka gawa makabarta in fada ya yi nisa, shi ke sanar da limami wanda ke kwance da wanda aurensa ke tangal-tangal. Sau da yawa shi ne tafinta, mai juya wa'azin Faransanci zuwa Hausa nan take.

Bayansa akwai masu karatu, da ƴan mawaƙa waɗanda kan yi atisaye da maraice bayan an tashi aiki, da yaran da ke hidima a bagadi, da masu tarbar baƙi a ƙofa. Akwai masu kai wa marasa lafiya gurasa gida ko gadon likita, da masu ziyarar gidan kaso. Akwai shugabannin ƙungiyoyin unguwa, masu tara gudummawar biki da ta mutuwa, masu sasanta miji da mata kafin magana ta kai gaban limami. Akwai ma'aji da magatakarda na kwamitin paruwas. Akwai kuma matan da ke share majami'a ran Asabar, su wanke tufafin bagadi, su dafa abincin bukukuwa, aikin da ba a faɗin sunan mai shi a kan mumbari. Wasu daga cikin ƙungiyoyin da ke tsara irin wannan hidima a majami'un Afirka daga Turai suka samo asali, kamar ƙungiyar Saint Vincent de Paul da wasu ɗalibai suka kafa a Paris a 1833 don ziyarar matalauta, da Rundunar Maryamu da Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921. Dukkansu biyu waɗanda ba limamai ba ne suka kafa su.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Ya san ladan da na'ibi da mai shimfiɗa tabarmin masallaci. Ya san ƴan agaji masu tsare sahu ran Idi. Ya san gayya, inda samari kan taru su nome gonar tsoho a biya su da fura, ya kuma san samariya, wadda gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974 ta yi aikin gina azuzuwa da tsabtace gari da ita. Akida ta bambanta, amma ɗabi'ar ba da ƙarfi da lokaci domin Allah da domin jama'a ɗaya ce, kuma a kanta ne maƙwabta masu addini daban suka fi saurin gane juna.

Dayosis na Maraɗi

Ranar 13 ga Maris 2001 aka raba Nijar gida biyu ta fuskar mulkin coci, aka kafa dayosis na Maraɗi, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, bishop na farko, da kujerarsa a majami'ar Notre-Dame de Lourdes da ke cikin birnin. Yankin da aka ba shi ya haɗa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa, kusan murabba'in kilomita miliyan guda, da ƴan paruwas ƙalilan a garuruwa irin su Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni, Agadas, Arlit da Cirozerin, da mabiyan da ba su wuce ƴan dubbai ba. A 2024 Ignatius Anipu, ɗan Gana, ya gaje shi. Lissafin a bayyane yake: tsakanin wata paruwas da wata akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Malamin lakwal ko ma'aikacin lafiya Bakatolike da aka tura Gabi ko Sarkin Yamma ko Ɗan Isa yana cikin halin da akawun zamanin Turawa ya sami kansa: ko dai ya yi tattaki zuwa birni, ko ya tara iyalinsa ya ja musu addu'a da kansa.

Fuskar cocin da talakan ƙauye ya fi sani ita ce ta agaji. A 2005, shekarar yunwar da ta sa sunan Maraɗi ya cika gidajen rediyon duniya, aka haɗe hukumomin agaji da raya karkara na cocin Nijar suka zama CADEV, reshen Caritas na ƙasar. Yawancin masu amfana da aikinta Musulmi ne, kuma cikin ma'aikatanta akwai Musulmi da yawa. A 2006 Uwa Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa ƙungiyar mata masu zaman ibada a Maraɗi, suka buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako da makaranta a Tsibiri, suka riƙa tara hakimai da limamai da matan ƙauyuka ana tattauna auren wuri da karatun ƴaƴa mata. Ta rasu a 2021. Irin wannan aiki ba ya tafiya sai da ɗimbin hannaye na mutanen gari, masu awon yara, masu rabon hatsi, masu kai saƙo ƙauye zuwa ƙauye.

Lokutan jarrabawa

Zaman tare bai rasa ranakun baƙin ciki ba, kuma ɓoye su ba zai amfani kowa ba. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da wasu majami'u. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Hukuma ta ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutane kimanin goma suka rasa rayukansu, ɗaruruwan Kirista a Damagaram suka fake a barikin soja. A watan Yunin 2019 aka sa wa wata majami'ar Furotesta wuta a Maraɗi bayan kama wani limamin masallaci. A yammacin ƙasa, an sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga a watan Satumban 2018, ba a sako shi ba sai Oktoban 2020 a Mali, kuma rashin tsaro ya tilasta wa limamai barin ƙauyuka da dama na wannan yanki.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta nauyi kan gama-garin mabiya ya faɗa. Inda gini ya ƙone, a gidajensu aka ci gaba da addu'a. Inda limami ya tafi, katikis ne ya zauna, domin shi gonarsa da iyalinsa a nan suke. Kuma a 2015 an shaida Musulmi da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Wanda aka ɓoye a irin wannan rana shi ne wanda aka sani a wurin suna da wurin zaman makoki, wanda aka taɓa cin bashinsa, wanda ya koyar da ɗan maƙwabci a aji. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ke yawo cikin unguwa ta mai aikin sa kai ce.

Inda gizo ke saƙa

Matsaloli uku suka bi wannan tarihi tun daga farkonsa. Ta farko ita ce rashin zama wuri ɗaya. Al'ummar da yawancinta ma'aikata ne da ɗalibai da ƴan ci-rani, da zarar ta horar da mai karatu ko shugaban mawaƙa sai takardar canjin aiki ta ɗauke shi, a koma farawa. Ta biyu ita ce harshe. Majami'ar da ta tara mutanen Benin da Togo da Burkina da Nijeriya takan fake da Faransanci, alhali ƴaƴansu da aka haifa a Maraɗi da Hausa suke wasa, da ita suke mafarki. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar ta ƙara nauyi, kuma waɗanda za su iya amsa ta su ne tafintoci da mawaƙa da katikis, tun da su ne suka daɗe suna neman kalmar da ta dace. Ta uku ita ce adalci. Mai aikin sa kai yana da ciki da iyali. In aka jibga masa aikin limami ba tare da horo ko tallafi ko ko da godiya ba, gajiya za ta ci shi. Mata kuwa, waɗanda suka fi kowa yawa a sahun hidima, su suka fi ƙaranci a inda ake yanke shawara, kuma wannan ba ciwon coci kaɗai ba ne.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Daga limamai biyu da suka rasu a Katsina a 1711 ba su bar kowa ba, zuwa al'ummar da ta tsallake korar 1963 da gobarar 2015, bambancin shi ne samuwar mutanen da suka ɗauki abin a matsayin nasu suka yi masa hidima kyauta. Takardun mishan sun adana ranar zuwan kowane fada da ranar tafiyarsa, amma sunan matar da ta koyar da yara shekara ashirin a ƙarƙashin bedi sau da yawa ba ya cikinsu.

Nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ya shigo. Kowane malami yana da ɗalibai, kusan kowane gida yana da wayar da ke ɗaukar murya. A tura yara su zauna da tsohon katikis da tsohon mai bishara, su zauna da tsohon ladan da sarkin samari da ungozoma da mai tsaron kaburburan bakin tafki, su tambaye su yaushe suka fara, wa ya koya musu, me suka gani a shekarun yunwa da na tarzoma, wa ya taimake su. A rubuta da Hausa, a ajiye kofe a makaranta da gidan al'adu, da izinin masu maganar. Yaron da ya ji daga bakin tsoho cewa maƙwabcinsa mai wani addini ya taɓa ɗaukar masa gawa ko ya ba shi mafaka, zai yi wuya a ba shi ashana ya nufi ɗakin ibadar wani. Tsofaffin da suka ga zamanin Diori suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, don haka aikin na bana ne, ba ya jiran baɗi.